Kati ko Wasiƙa: Zaɓin da ke Gaban Ƙananan 'Yan Kasuwa a Mararaban Rido

MARARABAN RIDO, Jihar Kaduna — Ƙaramin ɗan kasuwan da ke son aika tallarsa a rubuce kai tsaye ga mutanen da ya zaɓa, hanyoyi biyu ne a gabansa: ko dai ya buga buɗaɗɗen kati wanda kowa zai iya karantawa, ko kuwa ya rubuta wasiƙa ya rufe ta cikin ambulan. Galibi akan yanke wannan shawara ne bisa araha kawai. To amma a yankin da ya tashi daga Mararaban Rido zuwa Kafanchan, akwai abubuwa biyu da suka fi kuɗin bugu muhimmanci, wato hannun mutum nawa takardar za ta bi kafin ta isa ga mai ita, da kuma nauyin shawarar da ake son mai karɓa ya yanke.

Garin Mararaban Rido yana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, daura da matatar mai ta Kaduna wadda aka buɗe a shekarar 1980. Yana bakin hanyar da ta fito daga Sabon Tasha ta bi ta Kujama da Kasuwan Magani da Kachia da Zonkwa har zuwa Kafanchan. Masu buga bulo, da masu sayar da siminti da kwanon rufi, da dillalan taki da maganin feshi da abincin kaji, da masu makarantun kuɗi, duk suna da abokan ciniki a warwatse a garuruwan wannan hanya. Tallar rediyo tana shiga kunnen kowa, da mai bukata da maras bukata, kuma ɗan kasuwa ne ke biyan kuɗin duka. Takardar da aka aika da sunan mutum kuwa, wanda aka nufa kaɗai ake kashe wa kuɗi.

Dalilin da takarda ba ta mutu ba

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, aika saƙo ya yi arha ƙwarai, har arhar ta zama illa. Saƙonnin talla sun yi wa jama'a yawa, abin da ya sa a shekarar 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito da lambar 2442 wadda mai waya zai yi amfani da ita ya toshe tallar da bai nema ba. Saƙon WhatsApp kuma yakan nutse a ƙarƙashin wasu saƙonni kafin rana ta faɗi.

Bugu da ƙari, akwai masu saye da yawa waɗanda har yanzu ba sa fitar da kuɗi sai an ajiye takarda a gaban kwamiti. Irinsu su ne makarantu, da asibitoci, da ƙungiyoyin gama-kai na manoma, da kwamitocin ginin coci da na masallaci. Ma'ajin ƙungiya ba zai iya sa saƙon waya cikin fayil ba. Saboda haka takarda tana da sauran aiki, sai dai tilas a san wace iri ce ta dace da wane aiki.

Asalin hanyoyin biyu

Hanyoyin nan biyu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin Daular Sakkwato, ofishin Waziri ne ke kula da wasiƙun da ke kai-da-komowa tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan daula, kuma hatimin da ke kan wasiƙa shi ne shaidar ingancinta. Fatake su ma sun daɗe suna aika wa wakilansu na nesa wasiƙu kan farashi da bashi da amana. A ɗaya ɓangaren kuma akwai rabon goro da alawa don sanar da ɗaurin aure ko suna, wanda daga baya katin gayyata ya zo ya haɗu da shi. Wasiƙa ta kasance ta maganar da ke tsakanin mutum biyu, goro da kati kuwa na sanarwar da ake son ta bazu.

A Turai ma haka rabon aikin ya kasance. Ingila ce ta fara fito da kan sarki a shekarar 1840, inda ake aika wasiƙa a kan kwabo ɗaya. Katin gidan waya na hukuma kuwa ya fara fitowa ne ran 1 ga Oktoba, 1869, a daular Ostiriya da Hungari, bisa shawarar wani malamin tattalin arziki mai suna Emanuel Herrmann, wanda ya lura cewa saƙonni da yawa gajeru ne, ba su cancanci kuɗin takarda da ambulan da cikakken kan sarki ba. Ingila ta bi sahu a 1870 da katin rabin kwabo, Amurka kuma a 1873. Nan da nan 'yan kasuwan waɗannan ƙasashe suka shiga buga sanarwar kaya da ranar zuwan wakilansu a bayan katin.

A Nijeriya, an buɗe gidan waya na farko a Ikko a shekarar 1852, kuma sunan nan na kan sarki ya samo asali ne daga hoton kan sarkin Ingila da ke jikinsa a zamanin mulkin mallaka. Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, abin da ya haɗa kudancin Kaduna da Jos da Fatakwal. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho gida biyu, NIPOST ta ɗauki wasiƙu, NITEL ta ɗauki tarho, sa'an nan dokar soja mai lamba 41 ta 1992 ta ba NIPOST matsayin hukuma mai cin gashin kanta.

Hannu nawa takarda za ta bi

A ƙasashen da wannan sana'a ta bunƙasa, ma'aikacin gidan waya yakan kai takarda har ƙofar gidan mai ita. A nan kuwa, gidaje da yawa a sababbin unguwanni da ƙauyuka ba su da lamba, wasu titunan ma ba su da suna. An saba mutane da dama su yi tarayya a akwatin gidan waya ɗaya, na makaranta ko na coci ko na ma'aikata, sai masinja ko magatakarda ya kwaso ya rarraba. Wasu 'yan kasuwan kuma yaron shago suke aikawa, ko su ba direban motar haya a tasha, ko ɗan acaɓa, ko shugaban ƙungiya ya raba wa mambobinsa ranar taro.

Ma'anar wannan ita ce, duk katin da aka aika, mutum uku ko huɗu za su karanta shi kafin ya kai ga mai shi. Idan sanarwa ce ta isowar sabon taki, wannan riba ce, domin kowane hannu da katin ya bi ya zama ƙarin mai jin labari ba tare da an biya ko kwabo ba. Idan kuwa katin yana ɗauke da rangwamen da aka yi wa mutum ɗaya, ko tunin bashi, to an tona asirin abokin ciniki, an kuma jawo wa kai ƙorafin sauran da ba a yi musu rangwamen ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tambayar farko da ya kamata ɗan kasuwa ya yi wa kansa ke nan: shin zai ji daɗi ko zai damu idan maƙwabcin mai karɓa ya karanta abin da ya rubuta?

Inda kati ya fi dacewa

Babbar fa'idar kati ita ce ba a bukatar buɗe shi. Wanda bai yi niyyar karantawa ba ma idonsa ya riga ya faɗa kan rubutun kafin ya ajiye. Yana kuma da sauƙin bugu, domin fallen kwali ɗaya mai girman A4 yana ba da kati huɗu masu faɗin milimita 105 da tsawon 148, ba ninkewa, ba ambulan, ba mannewa. Idan za a bi da shi ta gidan waya, kada ya gaza milimita 90 da 140, wanda shi ne mafi ƙanƙantar girman da Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta amince da shi, kuma a bar rabin bayansa na dama don adireshi da kan sarki.

Kati ya fi amfani ga mutanen da suka riga suka san ɗan kasuwa, kuma a kan magana guda ɗaya mai ranar ƙarewa. Alal misali, dillalin taki da maganin feshi zai iya tuna wa manoman citta na Kachia da Kwoi cewa kaya sun iso gabanin shukar watannin Afrilu da Mayu. Mai ɗinkin kayan makaranta zai aika nasa cikin Agusta, kafin komawar ɗalibai a Satumba. Mai sayar da 'yan tsaki da abincin kaji zai yi lissafin watannin kiwon da ke gaban Kirsimeti da Sallah, ya aika katinsa tun masu kiwo ba su zuba kaji ba. Masu masauki da masu abinci a Kafanchan da Kagoro kuwa suna da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu.

Abin da kati zai ɗauka bai wuce huɗu ba: abin da ake sayarwa, dalilin da zai sa a zo yanzu, wurin da shagon yake tare da kwatancen da kowa ya sani, da lambar waya da manyan baƙaƙe. Duk wanda ya cusa jerin kayan shagonsa kaf a kan kati, ya ɓata fa'idarsa. Game da farashi kuma, tun da kuɗin kaya yana sauyawa cikin ɗan lokaci, wajibi ne a rubuta ranar da farashin zai daina aiki, domin kati yakan daɗe a manne a bango, mai saye kuma zai zo da shi a hannu yana neman a cika alkawari.

Dangane da harshe, Hausa ce ke haɗa Gbagyi da Adara da Bajju da Atyap da Ham da Fulani da Hausawa a kasuwannin yankin, don haka katin da aka buga da Hausa a gefe ɗaya, Turanci a ɗaya gefen, ya fi isa ko'ina. Tun da abokan cinikin Musulmi ne da Kirista, ya fi kyau a zaɓi gaisuwar da kowa zai karɓa, in ba katin barka da Sallah ko na Kirsimeti ba ne wanda aka ware wa masu bikin.

Inda wasiƙa ta fi dacewa

Wasiƙa ta fi tsada, kuma tana da haɗarin da kati ba shi da shi, wato a ajiye ta ba a buɗe ba. Amma tana da fili na bayani, tana da sirri, tana kuma da martaba. Mai buga bulo da ke son wata makaranta ta ba shi aikin katanga, ko mai sayar da kayan rubutu da ke neman shiga wata kwaleji, yana neman a amince masa ne da kuɗi masu yawa, kuma ba mutum ɗaya ne zai yanke shawarar ba. Irin wannan ciniki yana bukatar bayanin ingancin kaya, da farashi dalla-dalla, da sharuɗɗan biya da na kai kaya, da ambaton wuraren da aka taɓa yi wa aiki idan masu wuraren sun yarda. Wasiƙa ce kaɗai za a buga wa hatimin karɓa, a sa ta a fayil, a karanta ta a zaman kwamiti.

Har ila yau, wasiƙa ce ta dace da tayin ba da kaya bashi, da rangwame na musamman ga babban mai saye, da neman sulhu da tsohon abokin cinikin da ya ɗauke ƙafa. Haka nan duk maganar da ke bukatar lallashi. Bayan annobar da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023, manomin da ya yi hasara ba zai saki kuɗinsa a kan sabon iri ko sabon magani don ya ga layi biyu a kati ba. Yana bukatar a gaya masa daga ina kayan suka fito, wace hukuma ce ta yi musu rajista, da yadda ake amfani da su. Wannan bayani wasiƙa ce za ta kai shi ga shugabannin ƙungiyarsu.

Sai dai wasiƙar da ta fito daga baƙon suna tana fuskantar zargi. Wasiƙun damfarar nan da aka fi sani da 419 sun ɓata sunan wasiƙar kasuwanci ta Nijeriya a shekarun 1990, har gwamnati ta kafa doka ta musamman a kansu a 1995, aka sabunta ta a 2006. Maganin wannan zargi shi ne bayyana kai. Dokar kamfanoni ta tanadi cewa kamfani ya sa sunansa da lambar rajistarsa a kan wasiƙun kasuwancinsa, kuma ko mai ƙaramin shago ne, sa lambar rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, da adireshin da za a iya zuwa a gani da ido, da sa hannu da alƙalami, suna kwantar da hankalin mai karatu. Kada wasiƙar farko ta nemi a tura kuɗi. Abin da ya kamata ta nema shi ne izinin kawo samfur ko ranar ganawa.

A rubuta sunan mai karɓa da muƙaminsa daidai, ko Shugaban Makaranta ne, ko Rabaran, ko Liman, ko Hakimi, domin kuskure a muƙami yakan rufe ƙofa tun ba a karanta layin farko ba. Shafi ɗaya ya isa, jerin farashi kuma ya zo a takarda ta daban. Ga ma'aikatun gwamnatin jiha kuwa, wasiƙa gabatar da kai ce kawai, domin sayen kayansu yana bin dokar sayen kayan gwamnati ta Jihar Kaduna ta 2016, wadda ke da nata matakan rajista da na gasar neman kwangila.

Lissafin kuɗi

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta kuɗin kati ɗaya da na wasiƙa ɗaya a tsaya nan. Abin da ya kamata a auna shi ne mutum nawa ne tilas su amsa kafin kuɗin da aka kashe su dawo.

A ƙaddara, don misali, cewa ɗan kasuwa ya ware Naira 60,000, kuma bugu da kaiwa na kati ɗaya ya tsaya masa Naira 150, na wasiƙa kuwa Naira 400. Kuɗin nan za su ba shi kati 400 ko wasiƙa 150. Idan mai sayar da abincin kaji ne da ke samun ribar Naira 3,000 a kan kowane mai saye, yana bukatar mutum 20 kafin ya mai da kuɗinsa. Da kati, mutum ɗaya cikin kowane ashirin ke nan. Da wasiƙa kuwa, sai fiye da kashi 13 cikin ɗari sun amsa, abin da ke da wuyar samu. A nan kati ya yi rinjaye.

Idan kuwa mai buga bulo ne wanda aikin katanga ɗaya zai bar masa ribar Naira 100,000, amsa ɗaya tak ta biya kuɗin duka. Ba ya ma bukatar wasiƙa 150, domin makarantu da kwamitocin ginin da ke da aiki a gabansu ba su kai haka ba. Wasiƙa talatin da aka rubuta da kulawa, aka kai hannu da hannu, sun fi masa kati ɗari huɗu. Ƙa'idar dai ita ce: ƙaramar riba daga mutane da yawa, kati, babbar riba daga mutane kaɗan, wasiƙa.

Ya kamata kuma a lura cewa inda yaron shago ko direba ne zai kai takarda, kuɗin kaiwa ɗaya ne ko kati ne ko wasiƙa, don haka tazarar da ke tsakaninsu takan ragu. Wanda zai bi ta gidan waya, sai ya tambayi farashin kowanne a kanta kafin ya je maɗaba'a, ya kuma sa lambar yanki mai alƙaluma shida a adireshi, kamar 800001 ta babban gidan waya na Kaduna.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗan kasuwa zai iya raba sunayensa gida biyu, rabi ya aika musu kati, rabi wasiƙa, da tayi iri ɗaya a mako ɗaya. Ya sa wa kowace takarda lamba, ya nemi a zo da ita don samun rangwame, ya riƙa rubuta waɗanda suka dawo a littafi. Bayan wata ɗaya littafin zai gaya masa abin da babu mai ba da shawarar da zai iya gaya masa.

Jerin sunaye da abin da doka ta ce

Kati ko wasiƙa, duk ba su da amfani idan an aika su ga wanda ba ya bukatar kayan. Mafi ingancin jerin sunaye shi ne wanda ke cikin littafin rasit da littafin bashi na shagon kansa, sai kuma sunayen waɗanda suka ziyarci rumfar ɗan kasuwa a wurare irin su kasuwar baje koli ta duniya da Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Kaduna, KADCCIMA, ke shiryawa, suka kuma ba da adireshinsu da kansu.

Akwai kuma doka a kan wannan. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ba kowane mutum ikon hana a yi amfani da bayanansa wajen aika masa talla, kuma da zarar ya ce ba ya so, wajibi ne a daina. Saboda haka sayen jerin sunaye daga hannun ma'aikacin wata makaranta ko asibiti yana iya jawo wa ɗan kasuwa hukunci, ban da zubar da mutunci. Layi ɗaya a ƙarshen takarda da ke nuna yadda mutum zai nemi a cire sunansa ya wadatar wajen nuna kyakkyawar niyya.

Daga ƙarshe, hanyoyin biyu suna iya tafiya tare. Wasiƙa ce ke buɗe hulɗa da sabon babban mai saye, kati kuma ya riƙa tuna masa da shagon a kowane zagayowar damina ko zangon karatu. Amma ko wacce aka aika, kada a zauna jiran amsa. A bar kwana uku zuwa mako ɗaya, sa'an nan a buga waya, ko a shiga mota a bi hanyar Kachia a je a gaisa, domin kamar yadda Hausawa kan ce, zuwa da kai ya fi aike.